Gurbin Faifan Kanari

Ranar Litinin da hantsi aka gane faifan Kanari ba ya wurinsa, kafin rana ta take tsaka kuwa duk wanda ke aiki a gidan adana sauti ya riga ya yanke hukunci: Mai Shara ce. Ba wanda ya gan ta da shi. Abin da aka sani kawai, tana shiga ɗakin faifai da tsintsiya duk safiya, kuma a gidan nan ita kaɗai ce ba ta da kowa a sama. Katanga dai ta inda ta fi gajarta ake haura ta. Manaja ya karɓe tsintsiyar, ya ce ta tafi gida, in faifan bai fito ba zuwa Juma'a zai miƙa ta ga hukuma.

Mai Sawu bai so zuwa ba. Shekara talatin ya yi yana bin sawun ɓarayi, na dabbobi da na kaya, har gwiwoyinsa suka gaji da shi suka daina yi masa biyayya. Amma wanda ya aiko kiransa ba wanda zai iya ce wa a'a ba ne. Abokinsa ne tun suna yawo ba takalmi, Mai Makulli, tsohon da ya tsare ɗakin faifai shekara arba'in da ɗoriya, wanda ko da lokacin ajiye aikinsa ya yi sai aka roƙe shi ya zauna, don ba wanda ya san kantocin nan kamarsa.

"Ka tsufa," in ji Mai Sawu da suka haɗu a bakin ƙofa.

Shekara hamsin amsar guda ce: kai ka fara. Yau Mai Makulli juyawa kawai ya yi ya buɗe ɗakin.

Dogon ɗaki ne marar taga, yana warin tsohuwar takarda. Faya-fayan garmaho a tsaitsaye, dubbai, kowanne cikin ambulan ruwan ƙasa, kamar an jera marayu cikin riga iri ɗaya. Mai Makulli ya nuna wani gurbi a kanta ta huɗu.

"A nan yake. Shi kaɗai ya rage a duniya."

Mai Sawu ya san labarin, wa bai sani ba? Kanari mawaƙiya ce ta zamanin da tef bai zo ba. A lokacin ba a yanka, ba a gogewa. Mutum zai tsaya gaban na'ura ya rera, allura tana zana muryarsa a kan farantin kakin zuma, abin da ya faɗa ya faɗa ke nan. Sau ɗaya aka ɗauki Kanari, shekarar da ta biyo ta rasu, ta bar jaririya. Jaririyar nan ce ta girma ta zama matar Mai Makulli. Shi ya sa tun safe mutanen gidan ke yi wa tsohon jaje kamar an yi masa mutuwa.

Da ƙyar Mai Sawu ya durƙusa. Daɓen tas, ko sawun ƙuda babu. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau. A cikin gurbin kuma ba komai sai wani guntun katako mai santsi, tsaye tsakanin faya-fayan dama da na hagu. Ya shafa shi, ya ɗauka cikin ginin kantar yake, ya miƙe yana nishi.

"Makullai nawa ne?"

"Uku. Nawa, da na Manaja, da wanda ke rataye a ɗakin Injiniya."

"Yaya jikin matar taka?"

"Jiya iyau," in ji Mai Makulli, yana kallon ƙasa.

*

Injiniya mace ce da ba ta wuce talatin da biyar ba, mai saurin magana, idanunta sun yi ja don ɓacin rai. Ita aka ɗauko ta kwashe tsofaffin waƙoƙin zuwa kwamfuta ta wanke musu sauti.

"Baba, mako uku da suka wuce na gama da shi, na mayar da hannuna. Daga nan ba wanda ya ƙara nema sai yau da Manaja zai nuna wa baƙi."

"To ba yau aka ɗauke shi ba ke nan."

"Allah kaɗai ya sani."

Ta sa masa abin ji a kunne. Murya ta fito, siririya, tsaf, kamar matar tana tsaye a bayan kujerarsa. Amma wani abu bai kwanta masa ba. Ya sha jin waƙar nan a rediyo tun yana saurayi, kullum tana zuwa ne cikin wani shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Yanzu an ɗauke ruwan, an bar matar ita kaɗai a fili.

"Ina ƙarar?"

"Na cire. Wata biyu ina fama. Karce-karce ɗari takwas da wani abu na tsince ɗaya bayan ɗaya. Akwai ma wani wuri a tsakiya, jariri ya yi kuka, ita kuma ta yi wani gunaguni ƙasa-ƙasa. Daƙiƙa huɗu. Na yanke, na haɗe, ko kai ba za ka gane wurin ba."

"Kwafin farko da kika ɗauka fa, mai dattin?"

"Na goge. Wuri ya yi mana kaɗan. Na ce tunda uwar faifan tana nan, me zan yi da datti?"

Ita da kanta ta riga ta faɗa wa kanta abin da zai ce.

*

Manaja mutum ne mai son a gama magana kafin a fara ta. Shaidarsa guda ce, kuma ya riƙe ta da hannu biyu: an ga Mai Shara a shagon Dillali, mai sayen tsofaffin kaya.

Talata Mai Sawu ya ja ƙafa har can. Shagon cike yake da agogunan da suka daina tafiya da kujerun da suka binne masu su. Dillali ya ji tambayar, ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya.

"Risho ta zo tayawa, Malam! Tsohon risho. Ga shi can ma ba ta iya saya ba. Ni fa ko kyauta aka ba ni faifan nan ba na karɓa. Abin da kowa ya san guda ne a duniya, wa zan sayar wa? Kamar ka sato raƙumi ne ka ce za ka ɓoye shi a akurki."

"To me ɓarawo zai yi da shi?"

"Ji zai yi. Ka nemi gidan da ke da garmaho." Ya zaro wani ɗan gwangwani ya karkaɗa. "Ka ga allurar garmaho, ƙarfe ce. Ji ɗaya, allura ɗaya, a yar. Duk da haka kowane ji sai ta ci faifan kaɗan. Sabo yana jurewa. Tsoho irin wancan, da ya riga ya sha wuya, in aka matsa masa mako biyu ya zama faranti."

"Garmaho nawa ka sani masu aiki?"

"Nawa ya mutu. Na gidan sauti yana cikin gilashi. In akwai na uku, ban san shi ba."

Mai Sawu ya san shi. Shi ya ɗauke shi a ka, yana zagin nauyinsa, ranar da abokinsa ya koma sabon gida da amarya. Ya kori tunanin kamar yadda ake korar ƙuda, ya dawo, ya sake kora. Mutumin da ke hana a yi numfashi kusa da faifai ne zai ɗora masa allurar ƙarfe? Haba.

*

Ɗakin Mai Shara yana ƙarshen wani lungu. Tun daga bakin lungun mata suka bi shi da ido, ɗaya ta ce wa ɗaya, da ƙarfi don ya ji, "An zo kama ta." Wata kuma ta kwashe shanyarta daga igiyar da suke haɗawa.

Ya same ta zaune a bakin gado, hannuwa a cinya, kamar ba ta san inda za ta ajiye su ba tunda aka raba su da tsintsiya.

"Baba, shekara goma sha tara ina share gidan nan. Ko allura na tsinta sai na ɗora a tebur. Yau maƙwabciyata ta kulle ɗakinta don za ta zagaya bayan gida." Muryarta ta karye, ta gyara ta. "Ni ko karatu ban iya ba. Ambulan dubu iri ɗaya, ta ina zan gane wanne ne na Kanari?"

"Kina zargin wani?"

"Ni? An ɗora mini na ji yadda yake, sai in ɗora wa wani?"

Ya fito zuciyarsa a jagule. Ya sha kama ɓarayi yana murna. Bai taɓa jin kunyar marar laifi irin ta yau ba.

*

Laraba ya koma ɗakin faifai, ya zaɓi lokacin da Mai Makulli ya tafi gida duba matarsa. Injiniya ce ta buɗe masa. Ya tsaya gaban kanta ta huɗu, sai ya lura a kanta ta shida ma akwai gurbi, faya-fayan wurin sun jingina da juna kamar masu gyangyaɗi.

"Wannan ma an sace?"

"A'a, yana tebur ɗina." Ta dafe kai. "Wayyo, na manta katakon! In Baba Makulli ya gani na shiga uku."

"Wane katako?"

Ta jawo wani ɗan akwati daga ƙasan kanta, cike da guntayen katako masu santsi. "Shi ya sassaƙa su da hannunsa. Wai in ka zare faifai ka bar gurbi, sauran sai su jingina, a hankali su lanƙwashe, wata rana su tsage. Kullum sai ya yi mana faɗa, kullum sai mun manta. Ni da Manaja da kowa. Shi kaɗai ne hannunsa ke yi ko bai sani ba."

Tana faɗa tana dariya, ba ta ga fuskar tsohon ba. Mai Sawu ya miƙa hannu ya zare katakon da ke gurbin Kanari. Ya fito sumul, ba ƙusa ba gam. Shekara talatin yana duba ƙasa, ashe wannan karon sawun yana daidai ƙirjinsa. Ɓarawon da ke sauri ba ya tsayawa tausayin faya-fayan da ya bari.

Da la'asar ya tafi gidan abokinsa. Bai shiga ba. Ya tsaya jikin tagar ɗakin, ya ji ƙarar wani abu ana murɗawa, sai ruwan saman nan ya sauko a kan kwano, mai yawa, ya fi na da. Can cikin ruwan wata murya tana ƙoƙarin fitowa. Ya ji tsohuwar matar abokinsa ta ce, "Ƙara, ban ji ta ba." Ya ji an sake murɗawa.

Ya juya gida yana tafiya kamar an ɗora masa garmahon a ka karo na biyu. Zai iya cewa sawu ya ɓace. Ya tsufa, ba wanda zai yi mamaki. Zai tsira da abokinsa na shekara hamsin da 'yan kai, ranar Juma'a kuma a tafi da matar da ko risho ba ta iya saya ba. Wuni guda ya yi yana juya maganar, ta kowane gefe ya duba ɗaci gare ta.

*

Juma'a da safe ya sa aka tara su a ɗakin saurare. Manaja a kujerar tsakiya yana duba agogo. Injiniya a gaban na'urorinta. Dillali da aka kira ya zo da sabuwar hula don kallo. Mai Shara a tsaye kusa da ƙofa, ta ƙi zama. Mai Makulli a can gefe, rungume da wata jakar yadi.

"Na zo in faɗi wanda bai ɗauka ba," in ji Mai Sawu. "Wannan baiwar Allah ba ta iya karatu ba, ba ta san ambulan ba. Dillali ba shi da inda zai kai. Injiniya tana da waƙar a kwamfuta, me za ta yi da faifai? Kai kuma, Manaja, da ka san babu shi ba za ka kawo baƙi ba."

"To wa ya rage?" in ji Manaja, a fusace.

Mai Sawu ya zaro katakon daga aljihu ya ajiye a tebur. Injiniya ta kalli katakon, ta kalli tsohon da ke gefe, ta rufe baki da hannu.

Bai so ya faɗi sauran da bakinsa ba, kuma ba a bar shi ya faɗa ba. Mai Makulli ya miƙe a hankali, ya buɗe jakar, ya fito da faifan tsakanin kwali biyu, riƙe da shi a tsaye yadda ya koya wa kowa. Sai ya ajiye akwatin ashana a gefensa ya buɗe. Allurai ne a jere, duk kawunansu sun dakushe.

"Arba'in da uku," ya ce. "Ko sau ɗaya ban maimaita allura ba."

Ya rufe akwatin ashanar.

"Matata ta manta sunana. Ta manta 'ya'yanta. Abu ɗaya ya rage mata, waƙar nan. Da aka gama gyara na kai mata sabon sautin da murna. Ta ji har ƙarshe, ta ce wannan ba Innarta ba ce, ta juya ta fuskanci bango. Kwana biyu ba ta ci abinci ba." Ya dubi Injiniya, ba tare da zafi ba. "'Yata, jaririn da kika yanke ita ce, goye a baya. Gunagunin nan kuma, cewa take, yi shiru uwata, na kusa. Duk duniya maganar da uwarta ta taɓa yi mata wadda ta ji da kunnenta ke nan. Na ce in ara kwana ɗaya. Sai kullum ta ce ƙara."

"Me ya hana ka mayar?" in ji Manaja, muryarsa ta yi laushi.

"Ka duba shi."

Faifan da ya kamata ya yi baƙi ƙirin ya koma ruwan toka, musamman a tsakiya. Injiniya ta karɓa, ta ɗora a na'urarta mai allura marar nauyi. Ruwa ya sauko. Muryar Kanari ta ɗan ɗago a farko, ta nutse. Da aka zo tsakiya, inda tsohon ya riƙa mayar da allura yana maimaitawa, babu jariri, babu uwa, sai shuu kawai. Ta juya maɓallai, ta sake, ta sake. Daga ƙarshe ta kashe, ta kifa kai a tebur tana kuka.

Mai Makulli ya ciro makullinsa ya ajiye. Sannan ya taka har bakin ƙofa, ya durƙusa a gaban Mai Shara, tsoho da furfurarsa.

"Na ji ana ɗora miki, na yi shiru. Wannan ya fi satar muni. Ki yafe mini."

Ta dube shi.

"Baba, da ka gaya mini, wallahi ni zan ɗauko maka a cikin kwandon shara." Ta share ido da gefen mayafi. "Na yafe. Amma ka zo lungunmu ka faɗa da bakinka. Ni in na faɗa ba mai yarda."

"Yau ɗin nan," ya ce.

Manaja ya ce maganar hukuma a bar ta. Ya miƙa wa Mai Shara tsintsiyarta bai iya haɗa ido da ita ba.

*

Mai Sawu ya raka shi lungun, ya tsaya a gefe yana jin abokinsa yana kiran kansa ɓarawo a gaban matan da ko gaisuwa ba su taɓa yi da shi ba. Daga nan suka kama hanyar gida, tsofaffi biyu.

"Me ya sa ni ka kira?" in ji Mai Sawu daga baya. "Ka san zan gano."

"Shi ya sa. Ni na kasa faɗa. Na ce gara hannun da na sani."

"Ka cuce ni."

"Na sani."

A gida tsohuwar tana kwance, ta zama kamar ƙullin kaya a ƙarƙashin bargo. Garmahon yana kusa da gado, bakinsa a buɗe, ba komai a kai. Ta ji motsi ta buɗe ido.

"Ka zo da Inna?"

Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ga abokinsa ya zauna a ƙasa, ya murɗa hannun garmahon don ta ji ƙarar da ta saba. Sannan ya ɗora farcensa a kan tabarma ya fara ja a hankali, shuu, shuu, kamar ruwa a kan kwano. Ya sunkuya kusa da kunnenta, ya siranta tsohuwar muryarsa.

"Yi shiru uwata, na kusa."

Tsohuwar ta lumshe ido. Fuskarta ta saki.

"Ƙara," ta ce.

Mai Sawu ya ja musu ƙofa. Har ya kai bakin titi yana jin farcen yana tafiya a kan tabarma.